Raƙuman Ostareliya: yadda suka share wa jirgin ƙasa hanya a shekarun fari, da abin da ya sa ake harbe su a yau

Tun watan Janairun 2020, lokacin da labari ya bazu cewa za a harbe raƙuma har 10,000 daga jirage masu saukar ungulu a jihar Kudancin Ostareliya, maganar ba ta kwanta ba. Duk sanda fari ya sake tsananta a can sai ta dawo kafafen sada zumunta da tambayoyin nan dai. Me ya kai raƙumi Ostareliya tun farko? Wane irin ruwa yake sha da har za a yanke masa hukuncin kisa? Me kuma ya hana a sayar wa masu bukata, alhali a kasuwanninmu amale guda kuɗi ne masu kauri? Da yawa sun ɗauka an yi haka ne don a samu ruwan kashe gobarar dajin da ta addabi ƙasar a wancan lokaci. Ba haka ba ne, domin gobarar ta fi ƙarfi a kudu maso gabas, raƙuman kuwa suna can tsakiyar ƙasar, tazarar sama da kilomita 1,000. Tushen maganar ya haura shekara 150, kuma yana ɗaure da aikin miƙa waya da layin dogo a ƙasar da ba kogi, ba rafi, ba ciyawar da doki zai ci.

Yadda raƙumi ya sauka, da waɗanda suka zo da shi

Ostareliya ba ta da raƙumi na asali. Na farko ya sauka a tashar ruwan Adelaide a 1840 daga tsibiran Kanariya, shi kaɗai ya tsira cikin waɗanda aka ɗauko. A 1860 aka kawo 24 daga yankin Indiya ta lokacin mulkin Birtaniya domin tafiyar binciken Burke da Wills, waɗanda suka so ratsa nahiyar daga kudu zuwa arewa. Amma sana'ar sufuri da raƙuma ta kafu ne a 1866, sa'ad da attajirin makiyayi Thomas Elder ya shigo da raƙuma kimanin 120 da masu kula da su 31 ta Karachi, ya kafa wurin kiwo a Beltana. An kiyasta cewa daga 1870 zuwa 1920 an shigo da raƙuma kusan 20,000, tare da mutane aƙalla 2,000 masu jan akalarsu. Kusan duka masu tozo ɗaya ne, irin wanda muka sani.

Turawan ƙasar suna kiran mutanen nan Afganawa a dunƙule, kuma a nan ne ruɗani na farko yake. Akwai 'yan Afganistan a cikinsu, amma da yawa daga Balucistan, Sindh, Punjab da Rajasthan suka fito, wato ƙasashen Pakistan da Indiya na yau. Mafi yawansu Musulmi ne, akwai kuma mabiya addinin Sikh da Hindu. Galibi kan kwangilar shekara uku suke zuwa, ba mata, ba iyali. Su ne suka gina masallatan farko a ƙasar: na Marree da ƙasa da jinka, na Adelaide wajen 1888, na Broken Hill da kwanon rufi, da na Perth a 1905.

Babban aikin gwamnati na farko da ya nuna amfaninsu shi ne wayar tangarahu da aka ja daga Port Augusta zuwa Darwin tsakanin 1870 da 1872 a ƙarƙashin Charles Todd, mai turaku kusan 36,000. Raƙuma sun kai waya da abinci tsakiyar hanya, sun kuma ci gaba da ciyar da tashoshin wayar shekaru da yawa bayan an gama.

Lissafin ruwa

Duk wanda zai fahimci wannan tarihi sai ya fara da lissafin ruwa, don shi ne ya yanke kowace shawara.

Dokin da ke jan kaya cikin zafi yana bukatar lita 30 zuwa 50 kowace rana, kuma ba ya jure kwana biyu ba sha. Shanun da ke jan amalanke haka suke, ga su da nawa. Dukansu ciyawa suke ci, ita kuwa ciyawa ita ce farkon abin da fari ke ƙonewa. Idan babu ita a hanya dole a ɗora harawa da hatsi a kan keken, wanda ke nufin rabin abin da dabbar ke ja nata ne.

Raƙumi ba a tozo yake ajiye ruwa ba, tozo kitse ne. Abin da yake yi shi ne hana ruwan jikinsa fita. Zafin jikinsa na iya sauka wajen digiri 34 da asuba ya hau kusan 41 da rana kafin ya fara gumi sosai, fitsarinsa mai kauri ne, kashinsa busasshe. Yana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa saboda ƙishirwa yana tafe da kaya, in ya iso mashaya kuma ya sha lita 100 cikin kwata na awa. Sannan sama yake kiwo: ganyen itatuwa masu ƙaya da ƙananan tsirrai masu gishiri-gishiri, waɗanda ke nan kore bayan ciyawa ta mutu, kuma suna ɗauke da ɗan ruwa. A 1875 ayarin Ernest Giles ya yi tafiyar mil 325, wato kimanin kilomita 520, cikin kwana 17 a hamadar yamma ba tare da ya tarar da mashaya ba.

Kayan da ake ɗora wa raƙumi na yau da kullum kilo 250 zuwa 300 ne, ƙosasshen amale kan ɗauki har kusan 600, kuma ayari na cin kilomita 25 zuwa 30 a rana. Ayarin kan kai raƙuma 70 da mutane ƙalilan. Ana huda hancin kowanne a sa ɗan katako, a ɗaura siririyar igiya daga hancin zuwa sirdin na gabansa. Da gangan ake zaɓar siririya, domin in raƙumi ya yi tuntuɓe igiyar ce za ta tsinke, ba hancin ya yage ba. Sirdin kayan buhu ne da aka cusa wa bambaro, kuma madugun ƙwarai kullum yana farke shi yana gyara cushen, saboda tozo na raguwa a doguwar tafiya, sirdin da ya dace a farkon hanya ya koma yana gurje baya a tsakiyarta. Gyambon sirdi da ƙazuwa sun fi ƙishirwa kwantar da raƙuma. A Yammacin Ostareliya kuma akwai wani ɗan itace mai dafi da ke kashe raƙumin da bai san shi ba cikin sa'o'i. Tafin ƙafarsa mai laushi yana wahala a filin tsakuwa mai kaifi, a taɓo kuwa santsi kan tsage masa ƙafafu.

To ga wanda ya fi kowa sha: kan jirgi mai tururi. Kowane kilo na kwal da aka ƙona yana mayar da kilo shida zuwa takwas na ruwa tururi, kuma tururin nan ta bututu yake fita, ba ya dawowa. A ƙaddara tankin kan jirgi na cin lita 20,000. Raƙumi na ɗaukar tankuna biyu na ƙarfe, ɗaya kowane gefe, jimilla kamar lita 200. Ke nan sai raƙuma 100 sun sauke kayansu kafin a cika kan jirgi sau ɗaya, shi kuma kafin ya yi nisa ya shanye. Saboda haka ba raƙumi ne ke shayar da jirgi ba. Mutane ya shayar.

Abin da raƙumi ya yi wa layin dogo, da abin da bai yi ba

Misali mafi fili shi ne layin da ya haɗa gabas da yamma, daga Port Augusta zuwa Kalgoorlie. Alkawarin gina shi na cikin abubuwan da suka jawo Yammacin Ostareliya ta shiga tarayya a 1901. Tsawonsa kilomita 1,693, kuma bai ƙetare ko kogi ɗaya mai ruwa duk shekara ba. Tsakiyarsa filin Nullarbor ne, shimfiɗaɗɗen dutsen farar ƙasa mai ramuka, inda ɗan ruwan saman da ake samu, kusan milimita 200 a shekara, ke zurarewa ƙasa nan take. A nan ne layin ya miƙe sambal kilomita 478 ba lanƙwasa, mafi tsawo irinsa a duniya.

Sau da yawa za a ji an ce raƙuma ne suka ɗauki ƙarafan dogon. Lissafi bai yarda da haka ba. Aikin ya ci kwangiri kusan tan 140,000 da katakan shimfiɗa kusan miliyan biyu da rabi. Kowace kilomita na bukatar ƙarfe tan 80 da katako kusan 1,500. Kwangiri guda mai tsawon mita goma ya kai kilo 400, ba kuma yadda za a yi a ɗaura shi a gefen dabba. Jirgin ne ke ɗauko kayansa da kansa a kan dogon da aka shimfiɗa jiya. A kowane ɓangare an yi amfani da injin shimfiɗa da aka sayo daga Amurka, mai turo katako ta gefe guda da kwangiri ta ɗaya gefen zuwa gaba, leburori su jera, su ɗaure da ƙusoshi, jirgin ya matsa. In kaya sun wadata sukan wuce mil guda a rana.

Wurin raƙumi gaba da bakin dogo ne, inda ba taya da za ta kai. Aikin tafe yake daki-daki. Da farko masu safiyo, waɗanda a 1908 da 1909 suka taso daga ɓangarorin biyu a kan raƙuma suna auna ƙasa, suna kafa turaku. Bayansu masu neman ruwa da kayan haƙar burtsatse, waɗanda ake kwancewa gunduwa-gunduwa a ɗora wa raƙuma. Sai masu share itace da masu tayar da gadon hanya, da garma da manyan cokulan kwasar ƙasa da dawaki ko raƙuma ke ja, su ne kuma ke haƙa tafkunan tara ruwan sama. Waɗannan kan yi nisan kilomita da yawa gaba da jirgi, kuma duk abin da za su sha, su dafa, su ba dawakinsu, raƙumi ne ke kai musu daga tankin da jirgi ya ajiye a ƙarshen dogo. In ayarin ruwa ya makara kwana ɗaya, aiki ya tsaya.

An sari ƙasar farko a Port Augusta ranar 14 ga Satumba 1912, ɓangaren Kalgoorlie ya fara a 1913. Ba a yi nisa ba fari na 1914 zuwa 1915 ya sauka, wanda ya lalata alkamar ƙasar, har kogin Murray ya daina gudu a wasu wurare. Tafkunan da aka haƙa suka zauna wayam, don tafki ba ya haifar da ruwa, jira yake. Harawa ta yi tsada. Yaƙin Duniya na Farko kuma ya kawo jinkirin ƙarfe. Duk da haka ma'aikata sun haura 3,000 a lokacin da aiki ya fi zafi, aka kuma haɗe ɓangarorin biyu kusa da Ooldea ranar 17 ga Oktoba 1917.

Samun ruwa a burtsatse bai kashe matsalar ba, domin yawancinsa zartsi ne. Idan aka dafa shi a tukunyar injin, gishirin da ke ciki kan kama jikin bututu kamar yadda fari-farin nan ke daskarewa a gindin butar shayi. Da ya yi kauri zafi ba ya ratsawa, ƙarfen ya ƙone, bututu ya fara yoyo. Wani ruwan kumfa yake yi, ya bi tururi ya shiga silinda. Don haka dole aka riƙa jan taragun ruwa mai daɗi a bayan kan jirgi, har ana cewa a shekarun farko kusan rabin nauyin da jirgi ke ja ruwan shansa ne. A ɓangaren yamma an ci albarkacin bututun da injiniya C. Y. O'Connor ya tsara, wanda tun 1903 yake turo ruwa daga madatsar Mundaring kusa da Perth zuwa Kalgoorlie, kimanin kilomita 560, ta tashoshin famfo takwas. Ba a huta da wannan wahala ba sai da kawunan jirgi masu dizal suka shigo a 1951.

Akwai asarar da ba a cika faɗa ba, kuma ita ce mafi ciwo. A Ooldea akwai wani gurbi cikin rairayi da ruwa ba ya ƙafewa, inda 'yan asalin ƙasar suka yi dubban shekaru suna taruwa a lokacin fari, suna ciniki da bukukuwansu. Ruwan yana zaune ne a kan wani shimfiɗin yumɓu. Hukumar reluwe ta kafa rijiyoyi tana zuƙa, haƙar ta huda yumɓun, ruwan ya lalace, zuwa 1926 aka rufe wurin. Abin da ya riƙe al'umma tun kaka da kakanni bai yi wa jirgi shekara goma ba.

Layin arewa, da doguwar tsayuwa a Oodnadatta

Tsohon layin da ya nufi tsakiyar ƙasar labarinsa daban ne. An fara shi daga Port Augusta a 1878, siriri mai faɗin milimita 1,067 don rage kuɗi. Tun 1865 babban mai safiyo George Goyder ya ja layi a taswira yana nuna iyakar inda noma zai yiwu, amma wasu shekaru masu damina suka ruɗi manoma suka tsallake shi, dogo ya bi su. Farin farkon shekarun 1880 ya kore su. Dogon dai ya ci gaba, ya isa Marree a 1884, Oodnadatta a 1891.

Ruwa ne ya zana masa hanya. Ya bi jerin idanun ruwa da ke ɓuɓɓugowa daga babban rumbun ruwan ƙarƙashin ƙasa a yamma da tafkin Eyre, hanyar da 'yan asalin yankin suka sani tun da daɗewa, wadda mai bincike John McDouall Stuart da wayar tangarahu suka bi. A wasu tashoshi, kamar Curdimurka da Beresford, sai da aka kafa dogayen tankunan tace ruwa don rage masa zartsi. Bin ruwa kuma ya sa dogon ya zauna a kwari. Shekara da shekaru ba ruwan sama, rana ɗaya a tafka shi, busassun rafuka su cika su kwashe gado da katako. Gadar Algebuckina ta kusan mita 580 an gina ta ne a kan kogin da galibi rairayi ne. Gara na cin katako, iska na binne dogo da yashi.

A Oodnadatta kuɗi suka ƙare, dogo ya tsaya cik daga 1891 har 1927. Daga nan zuwa Alice Springs, garin da ke tsakiyar ƙasar, kusan kilomita 470 ne, tafiyar kusan mako uku ga ayari. Duk fulawa, sukari, shayi, kwanon rufi, wayar shinge da wasiƙun da tsakiyar Ostareliya ta yi amfani da su a shekarun nan a bayan raƙumi suka je. Daga Marree ma ayari kan kama hanyar Birdsville ta sama da kilomita 500, ya dawo da ƙunshin ulu. Ƙarashen layin, wanda ya isa Alice Springs a watan Agustan 1929, shi ma cikin wani mummunan fari da ya daɗe a yankin aka yi shi.

Wannan ya nuna kuskuren da ke cikin cewa jirgin ƙasa ne ya kashe sana'ar raƙumi. Dogo layi ɗaya ne, gidajen makiyaya da ramukan ma'adinai kuwa a warwatse suke ɗaruruwan kilomita hagu da dama. Kowace sabuwar tasha zango ce, kuma jirgi ya ƙara yawan kayan da za a rarraba. Unguwannin masu raƙuma a Marree, Farina, Oodnadatta, Bourke da Coolgardie duk a bakin dogo suka yi ƙarfi. Mun ga irin haka a gida: dogo ya iso Kano a 1911, ya karya fataucin ayari zuwa Tarabulus, amma raƙuma da jakuna suka samu sabon aikin kai gyaɗa bakin tasha.

Fari da rikicin bakin mashaya

Kasuwar mai raƙumi fari ne ke buɗe ta, shi ne kuma ya jawo masa ƙiyayya. Tsakanin 1895 da 1903 ƙasar ta shiga farin da ya rage tumakinta daga sama da miliyan 100 zuwa kusan rabi. Jiragen ruwan kogin Darling suka kafe, kekunan shanu da na dawaki suka tsaya don ba abin da dabbobin za su ci a hanya. Raƙuma ne kaɗai ke tafiya, kuma a kan kuɗi ƙasa da na Turawa masu keke. 'Yan kasuwa irin su Abdul Wade a Bourke da 'yan'uwan nan Faiz da Tagh Mahomet a filayen zinariyar yamma suka mallaki ɗaruruwan raƙuma.

Ƙorafin masu keke shi ne ana biyan Afganawa ɗan abin da ba zai ishi Bature ba, raƙuma na firgita dawaki, suna kuma shanye rijiyoyin hanya. Akwai gaskiya a batun albashi, amma wanda aka cuta a nan shi ne mai jan akalar, ba mai keke ba. Makiyaya da masu kantuna su kuma suna cewa ba don raƙumi ba da yunwa ta tashe su. Wariyar launin fata ta shiga ciki tsundum. A Coolgardie, inda aka gano zinariya a 1892 kuma ake dafa ruwan gishiri a tace a sayar da galan-galan, an kafa ƙungiyar adawa da Afganawa a 1894. A shekarar ce wani Bature mai keke ya harbe masu raƙuma biyu bayan gardama a kan wanke ƙafa a wani gurbin ruwa, kotu kuma ta sallame shi. Dokar shige da fice ta 1901 ta toshe ƙofa kusan baki ɗaya. Da yawa suka koma gida, waɗanda suka zauna wasu sun auri 'yan asalin ƙasar ko Turawa, zuriyarsu na nan har yau.

Wanda ya raba raƙumi da aiki

Babbar mota ce. Daga shekarun 1920 zuwa na 1930 ta karɓe daidai aikin da dogo ya bar wa raƙumi, wato daga tasha zuwa ƙofar gida. Ba ta kiwo, ba ta jin fari, abin da ayari ke yi a mako uku tana yi a kwanaki. Raƙumi ya koma ba shi da mai saye, ga kuɗin kiwo da na rajista. A 1925 Kudancin Ostareliya ta yi dokar da ta ba da damar harbe raƙuman da aka samu suna yawo ba alamar rajista. Maimakon su ga an kashe dabbobin da suka rayu tare da su, masu raƙuma da yawa suka kwance akala suka sake su daji. Shi ma tsohon layin arewa an yi watsi da shi a 1980, bayan an gina sabo daga Tarcoola a kan tudu, nesa da idanun ruwan da injin dizal ba ya bukata. Sai a 2004 jirgi ya isa Darwin.

Halin da ake ciki, da abin da kowane ɓangare ke cewa

Raƙuman da aka saki sun tarar da daji mai faɗi, ba zaki, ba kura, ba manyan cututtuka, ga mafi yawan tsirran yankin suna ciwuwa gare su. Adadinsu na ninkawa kusan kowace shekara takwas zuwa goma. A 2008 an kiyasta sun kai miliyan ɗaya. Gwamnatin tarayya ta ware dalar Ostareliya miliyan 19 ga wani shiri da ya rage sama da 160,000 tsakanin 2009 da 2013, sabon ƙidaya kuma ya nuna kusan 300,000 suka rage, alamar kiyasin farko ya yi yawa.

A shekarar damina ba a cika jin su ba, don a warwatse suke. Fari mai tsawo ne ke busar da ganyen da suke samun ruwa daga gare shi, sai su taru dubbai su nufi duk inda suka ji ƙamshin ruwa. A 2009 kimanin 6,000 suka mamaye Docker River, ƙauyen mutum 350, suna karya famfo da bututu, suna tumɓuke na'urorin sanyaya ɗaki saboda ɗigon da ke fita. A guraben duwatsu kuwa suna turereniya, wasu su faɗa su mutu, mushen ya ɓata ruwan ga mutane da tsuntsaye da namun daji. Shekarar 2019 ita ce mafi zafi da bushewa da aka taɓa aunawa a ƙasar. Harbin Janairun 2020 a yankin APY na Kudancin Ostareliya, ƙasar al'ummar Anangu 'yan asalin yankin, mai mutane kusan 2,300, majalisar al'ummar ce da kanta ta amince da shi. Kwana biyar aka yi, aka kashe sama da 5,000, ba 10,000 ba.

Masu goyon bayan harbin na cewa dabbobin da ma mutuwar ƙishirwa suke yi a hankali, ga yara ba sa iya fita waje. Masana muhalli na nuna itatuwan da raƙuma ke ƙarasawa da guraben ruwan da ke lalacewa. Makiyaya na lissafin shinge da tankuna. A ɗaya gefen, wasu daga cikin 'yan asalin yankin Kiristoci ba sa son harbin, saboda alaƙar raƙumi da labarin haihuwar Annabi Isa. Masu sana'ar nama da nono na ganin almubazzaranci ne a bar dubban gawarwaki a daji, haka ma muryoyin da suka taso daga Somaliya da Turkiyya. Wannan ƙorafi na da ƙarfi, kuma duk wanda ya san darajar raƙumi zai ji shi a ransa.

Sai dai abin da ya hana sayarwa shi ne abin da ya kawo raƙumin tun farko, wato nisa. Na daji ne, bai san akala ba, sai an kora shi da jirgi mai saukar ungulu da motoci zuwa shinge mai ƙarfi da tsayi. Ana loda shanu hawa biyu a tirela, raƙumi kuwa tsawonsa hawa ɗaya kawai ya yarda, don haka kuɗin motar kowane kai ya ninka. Mahautan da ke karɓarsa ƙalilan ne, kuma daga tsakiyar hamada tafiyar ta haura kilomita 1,000, farkonta a kan hanyar ƙasa. Wanda fari ya rame ba ya jure tafiyar, doka ma ba ta yarda a loda dabbar da ba ta da ƙarfi ba, naman jikinsa kuma bai biya mai ba. Ana dai fitar da naman halal zuwa ƙasashen waje, an taɓa kai masu rai Saudiyya, akwai gonakin nonon raƙumi, akwai kuma kamfanin al'ummar Ngaanyatjarra, 'yan asalin ƙasar, da ke kamawa yana sayarwa. Amma dubban da ake kamawa a shekara ba su kai waɗanda ake haifa ba.

Ke nan lokacin kamu shi ne shekarar damina, sa'ad da raƙuma ke da ƙiba, amma a lokacin a warwatse suke kuma ba wanda ke kuka da su, kuɗin gwamnati ma ba ya fitowa. Lokacin da suka taru wuri guda, sun riga sun rame. Masu neman mafita ta ciniki suna magana ne a kan shingayen tarko a bakin burtsatse masu ƙofar shiga ba fita, da wuraren da za a tsare raƙuma a kiwata su kafin loda, da mahauta kusa da Alice Springs ko a bakin dogon Adelaide zuwa Darwin. Duk waɗannan sai an gina su kafin fari ya zo, kuma sai an samu mai saye da zai ɗauki kaya kowace shekara, ba sai labari ya tashi ba.